Wace gujiya ke shiga tunkuzarmu?

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon malamin gona, ya yi a taron shekara, kwana biyu bayan sallar layya. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, saboda ƴan uwa da ba su samu zuwa ba.)

Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Agadas, Kwatano, Abijan, Ikko, har da na Libiya da Aljeriya, sannunku da hanya, barkanmu da salla.

Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa noman bana. Na roƙe shi ya bar ni in canza, saboda gardamar da anka yi daren salla a ƙofar gidan mai gari. Waɗanda ba su nan, ga abin da ya faru. Ɗanmu guda da ke aiki ƙasar waje ya zo da tsaraba, kwalba guda ta niƙaƙƙiyar gujiya irin ta kanti, mai takarda liƙe a jiki. Anka kawo burodi, kowa ya lakata. Nan take wuri ya rabu uku. Samari sunka ce ba su taɓa ɗanɗana mai daɗinta ba, santsi kamar man shanu, ga zaƙi. Wani dattijo, ba ni faɗin sunanshi tunda yana kallona, ya ce wannan alewar yara ce, in an sa ta cikin miya sai a ɓata tuwo. Mata kuwa da labari ya kai musu cikin gida sunka aiko da tambaya guda: ina manta ya tahi? Don ba su ga mai ya taso bisa ba. Har anka watse ba a shirya ba. Ni ban ce komi ba ran nan, yau za ni faɗi nawa.

Bari in fara amsa ma iyayenmu mata, don tambayarsu ta hi ta kowa ma'ana. Man yana nan ciki. Tun shekarun 1920 masu masana'anta a Amurka sunka gano in an zuba ɗan man da anka daskarar cikin niƙaƙƙiyar gujiya, man ba ya rabuwa da tsaki, kwalba ta yi watanni a kanti ba ta canza kama ba. Suna ƙara gishiri da sukari. Dokar Amurka ta ce sai kashi 90 cikin 100 na abin ya zama gujiya kahin a sayar da shi da sunan nan. Su ma can suna da tasu gardama irin tamu: wasu sai mai laushi lilis, wasu sai mai ɓarɓashin gujiya da ake taunawa, wasu kuma yanzu suna biyan kuɗi da tsada don su samu wadda ba a sa ma komi ba, wadda mai ke tasowa bisanta sai an motsa. Wato irin wadda uwayenmu ke yi tun kahin a haife mu. Saboda haka inna, in kin ga mai ya taso bisa tunkuzarki, ba lalacewa ta yi ba, cokali kawai take so.

Ku ƴan ci-rani kun hi ni sanin yadda wasu ke cinta. A Yamai sunanta tigadege, kalmar Bambara ce daga Mali, kuma da ita ake kwaɗa zogala da Zabarmawa ke kira kopto. A Sanagal miyarta ita ce mafe. A Gana da Abijan miyar gujiya da sakwara ko shinkafa ba baƙon abu ba ne. Alhazan da sunka bi ta Sudan sun ce can ana ce mata dakwa, ana kwaɓa ta da tumatir da albasa da lemun tsami, sunan kuwa kun ji yadda ya yi kama da dakuwarmu. Mu nan gida tunkuza muke cewa, ko mai manta ko wadda anka tatse za a yi ƙuli-ƙuli da ita. Tana cikin miya, tana cikin kunu, tana cikin kwaɗon rama da tafasa da zogala, tana bisa kilishi, garin ƙulinta yana cikin yajin tsire. Da wuya a kwana biyu a gidan Bahaushe ba ta shiga bakin wani ba.

In kun tambaye ni wadda na hi so, to ni ɗan mai ƙuli ne. Mahaihiyata, Allah ya jiƙanta, da man gujiya ta yi ma ƙannena mata kayan ɗaki. Ina son wadda anka soya a kasko da rairayi har ta yi ja sosai amma ba ta ƙone ba, a murje jan ɓawon, a sheƙe, a niƙa bisa dutsi ta hito da ɗan tsaki-tsaki, a sa gishiri kaɗan, ba sukari. Uwargidana ba ta yarda da ni ba. Ita ta hi son suya sama-sama da niƙan inji, ta ce mai ja tana baƙanta mata miya, kuma dutsin niƙa ba bayana ke ciwo bisanshi ba. Shekara arba'in da wani abu muna wannan gardama, kuma ita ke ci kullum, tunda ita ke riƙe da tukunya. Wannan duk son baki ne, kowa da nashi, ba abin da za a tara mutane a kai ba ne.

Abin da ya sa na tsaya gabanku shi ne, cikin dukan gardamar ran nan ba wanda ya tambayi wace irin gujiya ce anka zuba kahin a niƙa. In ta riga ta niƙu, mai kyau da ruɓaɓɓa kamarsu guda.

Dattawa, ku tuna da ni. Zamanin da muna yara, gujiya ba abincin gida ba ce da farko, kuɗin lanho ce. Ita ke biyan haraji, ita ke sayen turmin zane, ita ke yin aure. An kafa SONARA a 1962 don sayenta, akwai injinan tatsar mai a Maraɗi da Matamai da Magarya, kamiyo na kwasar buhuhuwa zuwa Kano su bi jirgin ƙasa har Ikko, wasu su bi ta Paraku zuwa Kwatano. A 1966 ƙasar nan ta noma wajen tan 300.000, kuma gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje kahin uraniyom na Arlit ya karɓe mata wuri. Sannan fari na 1973 ya zo. Ni na kama aiki a 1974, shekara ta gaba, 1975, kuturtar gujiya da darɓa ke yaɗawa ta faɗa ma gonaki tun daga nan har ƙasar Kano, abin da anka samu a ƙasa duka bai kai tan 50.000 ba. Mutane da yawa sunka koma ma wake da hatsi. SONARA tuni ta rushe. Gujiya ta dawo daga baya, amma yanzu mahi yawanta a hannun mata take ƙarewa, mai da ƙuli da tunkuza.

Sai dai akwai ɗabi'a guda da zamanin sikeli ya bar mana. A lokacin, manyan ƙwayoyi masu kyau su ake kai ma mai awo. Wadda sikeli ya ƙi, yamutsattsa, fasassa, mai huji, mai baƙi-baƙi, ita ke komawa gida a ce mata su yi miya. Ni kaina ina da laihi a nan, kuma gara in faɗa da bakina. Shekara da shekaru ina yawo ƙauye-ƙauye bisa babur ina koya ma manoma tsince gujiya don ta samu daraja wurin awo, ban taɓa tambayar ina tsintattar ke zuwa ba. Cikin tukunya take zuwa. Har yau in kun shiga kasuwa za ku ga tiyar mai kyau da kuɗinta, tiyar fasassa da nata mai rahusa, kuma kun san wadda mai sana'ar tunkuza za ta ɗauka in tana so ta hita da riba. Ban ga laihinta ba, mu masu saye mu ke neman arha.

To ga abin da ke cikin wannan fasassa. Akwai wata hunhuna da ke kama gujiya da masara, wani lokaci ka gan ta kore-kore ko rawaya cikin ƙwaya, wani lokaci ido ba ya ganinta. Tana zubar da dahi da likitoci ke kira aflatoksin. An gano shi bayan 1960, shekarar da talotalo sama da 100.000 sunka mutu a Ingila, da anka bi sawu anka tarar ƙulin gujiya ne da anka kawo daga Barazil anka ba su. Dahin nan hanta yake ci. In ya yi yawa lokaci guda yana kisa: a Kenya a 2004 mutum 125 sunka rasu saboda masarar da ta yi hunhuna. Amma abin da ya hi damunmu shi ne kaɗan-kaɗan na kullum, wanda ba ya kwantar da mutum yau ko gobe, sai bayan shekaru ya zama sankarar hanta. Haɗarin yana ninkuwa ƙwarai ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta na B, kuma masu ɗauke da shi a ƙasashenmu suna da yawa, galibi ba su ma sani ba. A Benin da Togo, nan kusa da mu, binciken da anka buga a 2002 ya nuna yaran da dahin ya hi yawa cikin jininsu su ne sunka hi tsumburewa.

Na san wani zai ce ai ana soyawa, ana dafawa. Wuta ba ta kashe shi. Tana rage kaɗan, saura yana nan ko miya ta wuni bisa murhu. Kuma in an tatse mai, mahi yawan dahin ba cikin man yake tahiya ba, cikin tunkuza yake zama, ya bi ta har ƙuli-ƙuli. In kun ba akuya ko saniya mai tatsa, wani abu daga ciki yana hitowa a nono. Abin da ke da daɗin ji shi ne dahin ba ya bazuwa daidai cikin buhu. Yana taruwa cikin ƴan ƙwayoyi ƙalilan da sunka lalace. Kakanninmu sun ce wake guda ke ɓata gari, to a nan maganar ba misali ba ce, haka abin yake. Hannun da ya zauna da faifai ya tsince kahin suya, ya sake tsincewa bayan an murje ɓawo, lokacin da tabon ke hitowa hili bisa farar ƙwaya, ya raba gidanshi da mahi yawan wannan masifa ba tare da ya kashe ko dala ba.

Aikin kuwa tun daga gona yake farawa, saboda haka maza kada ku ce na mata ne. Hunhunar tana samun ƙofa in ruwa ya ɗauke kahin gujiya ta ƙosa, ƙasa ta yi zahi, kwanso ya tsage, ko gara ta huda shi. Shi ya sa iri mai saurin nuna, kamar El Dakar ta kwana 90, ya hi dacewa da damanarmu. In ta nuna a cire ta, kada a bar ta cikin ƙasa ana jiran a gama da hatsi. Kada a tara ta tsibi da danshi. A shanya bisa tabarma ko tamfal, ba bisa turɓaya ba, har in ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya na kaɗawa ciki. Akwai wata dabara da nake gani tun ina yaro, a yayyafa ma gujiya ruwa da dare don ta yi sauƙin ɓarewa da sahe. Don Allah a bar ta. Haka masu jiƙa ta don ta ƙara nauyi wurin awo, wannan ha'inci ne biyu, na kuɗi da na lahiya. A ajiye ta da kwansonta, cikin buhun da iska ke shiga, bisa katako ko duwatsu, nesa da bango, a riƙa ɓarewa gwargwadon bukata. Tunkuza kuma a yi ta kaɗan-kaɗan, cikin mazubi mai murhi, a ɗiba da busasshen cokali.

Tsintattar fa? Na san abin da ke ranku, dattawa, zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce, mu da munka ga 1973 da 1984. Wadda ta fashe kawai wurin ɓara, fara tas, ba tabo, ba ɗaci, a ci ta da wuri. Amma mai tabo, mai huji da yamutsattsa ba abinci ba ce. In ta taru da yawa a tatse manta a yi sabulu, tsakin a binne. Kada a ba kaji, kada a ba yara su yi ta tauna a tsakar gida, don na sha ganin haka.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malamin gona ya hana cin gujiya. Akasin haka nake so. Wajen rabin ƙwayar gujiya mai ne, wajen kashi guda cikin huɗu kuma abin gina jiki ne irin wanda ake nema cikin nama da ƙwai. Cokali guda babba na tunkuza mai manta yana ba da kalori wajen 90, wato ma'aunin ƙarhin abinci. Ku dubi yaron da anka yaye. Cikinshi ƙarami ne, kunun hatsi tsararo ruwa ne ya hi yawa ciki, ya sha ya ƙoshi, ciki ya yi tulu, jiki bai samu komi ba. In an dama cokali guda na tunkuza mai tsabta cikin kunun nan, ƙoƙon bai ƙaru ba amma abin da ke ciki ya ƙaru ƙwarai. Daga wata shida ake farawa, tare da nonon uwa, a dama ta ta saki sarai. Ƙwaya ɗungum kuwa ba a ba ƙaramin yaro, tana iya sarƙe shi. In an ga yaro ya yi ƙuraje ko kumburi ko numfashi ya yi mishi wuya bayan ya ci, a daina, a kai shi likita, don akwai jikin da ba ya karɓarta.

Kun tuna 2005. Yawancinmu a nan mun san gidan da anka ɗauki yaro zuwa wurin masu tamowa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60.000 a ƙasar nan, mahi yawansu a jihar Maraɗi. Da me anka tashe su? Da ɗan ƙunshin nan da mata ke kira biskit, sunanshi Plumpy'Nut. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset sunka haɗa shi a 1996, kuma daga 2005 anka fara yin shi a Yamai. Nauyinshi giram 92, kalori 500. In kun buɗe, mene ne ciki? Niƙaƙƙiyar gujiya, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran bitamin. Ranar da na fara ɗanɗana shi na yi shiru, don ɗanɗanon ɗakin mahaihiyata na ji. Ban ce tunkuzar gida za ta maye shi ba. Shi magani ne, an auna komi ciki, yaron da tamowa ta kama sai likita. Kuma wanda anka ba yaro nashi ne shi kaɗai, ba na yayyenshi ba ne, ba na mai gida ya sha shayi da shi ba ne, ba na kasuwa ba ne. Abin da ke ba ni kunya shi ne gidan da ya sayar da buhun gujiya goma da kaka, bai bar ko tiya ba, sannan da bazara uwa ta goya yaro ta yi tahiyar wuni don ta karɓo gujiya cikin leda.

Yanzu gare ku ƴan ci-rani, ku da kuke aiko da kuɗi. Ba na hana ku kawo kwalba, ku kawo mu lasa, ta kanti ma galibi an auna ta kahin a sayar. Amma kwalba guda ba ta kai gida ko sati biyu. In za ku yi waya gida da kaka, bayan kun tambayi damman hatsi nawa anka samu, ku tambayi buhun gujiya nawa anka ajiye ma yara, kuma wace iri. Mai kyau za a ajiye, ba wadda kasuwa ta ƙi ba. In mai gida ya ce bukata ta sa shi sayarwa, ku saye buhun nan guda daga hannunshi da kuɗinku, ku ce a bar shi cikin ɗakin uwargida. Ku da ke Yamai da Maraɗi da Damagaram kuna sayen tigadege a leda, ku samu mace guda da kunka yarda da ita, ku ga gujiyarta kahin ta kai inji, ku biya ta abin da ya ƙaru ba tare da ciniki ba. Ko ku sayi gujiyar da kanku, a tsince a gida, a kai niƙa.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo biyu, a sa su cikin takardar taro. Na farko, cikin kuɗin asusu na bana a sayi tamfal na shanya, a ajiye wurin shugabar mata, kowace unguwa ta riƙa ara da kaka. Na biyu, a yi magana da mai injin niƙa ya riƙa wanke injin tsakanin niƙa da niƙa, don wadda ta wuni tana tsinta kada tata ta bi ta kan ragowar wadda ba ta tsince ba. In ya ce ruwa da lokaci kuɗi ne, gaskiyarshi, sai a duba abin da za a ƙara mishi.

Na ga ma'aji yana ta duba littahinshi tun da na ambaci asusu, shi zai gaya mana ko tamfal nawa kuɗin za su iya saye. Kahin nan ina so a ba iyayenmu mata dama su yi magana, don su za su zauna da faifai, su sunka san ko tiya nawa mace guda ke iya tsincewa kahin la'asar. In na yi ma wani ba daidai ba cikin maganata a yi mini ahuwa.